Motar Badaru da Ɗakin Inna

Kankiya, Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Zainul Abidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da so da begen ganinka, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aishatu da yaran duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a cikin kasuwarka, ya tsare ku a wannan Fatakwal taku da ruwanta ba ya ɗaukewa. Mu ma nan Kankiya lafiya muke, alhamdulillahi. Damina ta zauna, gero ya fara rufe ƙasa, maigidana Malam kullum yana tsakanin gona da makaranta. Rauda ta kusa saukar Alƙur'ani, sai rawar kai take yi wai a gaya wa kawunta ya fara tanadin atamfa. Mubarak ya sha fama da zazzaɓi kwanakin baya, amma ya miƙe, har ya koma hana mu sakat. Inna ma lafiyarta ƙalau, in ka ɗebe ciwon gwiwar nan da ka sani.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke riƙe da waya. Dalilin shi ne, ranar da ka kira ni kana murna, kana cewa Badaru ya turo maka hoton Inna zaune a gaban bangon ɗakinta mai sabon fenti shuɗi, hankalinka ya kwanta tunda aikin ya kammala kafin ruwa, a gida Mawashi nake, kuma Inna tana kusa da ni tana jin kowace kalma. Shi ya sa ka ji ina ta amsa maka da to, to, kamar wadda aka shaƙe. Na dawo gida maganar tana cina, na ga in na ce zan faɗa maka ta waya, zuciya za ta ɗebe ni in yi ta zagi har kati ya ƙare ban kai ga komai ba. Don haka na zauna na rubuta, zan ba Uthman direban da ke kai albasa can ya miƙa maka hannu da hannu. Ga maganar a taƙaice kafin in warware maka ita: kuɗin da ka aiko don a sa wa ɗakin Inna kwano, ko falle ɗaya ba a saya da su ba. Autanmu Badaru ya zuba su a cikin mota.

Ba ka san motar ba, don ya hana kowa gaya maka, wai sai ta fara kawo kuɗi ya ba ka mamaki. Bayan kakar bara ne ya tafi Kano sayen kayan gyaran babur ɗinsa na haya, wanda da shi yake ciyar da matarsa Safiyya da 'ya'yanta tsakanin Kusada da Kankiya, rufin asiri daidai gwargwado. A bayan wani gareji ya hango wata tsohuwar mota mai ɗaki a cikinta, irin wadda aka ce Turawa ke yawon duniya da ita. Akwai gado, akwai wurin girki, akwai kabad na katako, har da bayan gida. Motar ta girmi Badaru, kuma duk wanda ya kalle ta ya san masu ita na farko da na biyu da na uku duk sun yi hankali sun rabu da ita. Shi kuwa ya dawo idonsa ya rufe. Ya sayar da babur, ya sayar da wakensa, ya lallaɓa Safiyya ta saki awakinta. Ya ce zai riƙa ba da ita haya ana ɗaukar amare, 'yan siyasa su yi yawon kamfe a ciki, masu shirya fim ma har gida za su biyo shi. Da na tambaye shi wane ɗan siyasa ne zai bar motarsa mai sanyi ya shiga wannan akurki, sai ya ce ai matsalata ke nan, ban taɓa fita ko'ina ba.

Ranar da ya kawo ta, a ƙofar gidanmu ya fara tsayawa don a gani. Tun daga bakin titi muke jin ƙararta, hayaƙi ya cika unguwa har maƙwabta suka fito suna tambayar me ke ƙonewa. Malam ya zagaya ta a natse, ya leƙa ciki, ya yi mata addu'ar Allah ya sanya alheri, ya koma zaure abinsa. Daga Kusada zuwa Mawashi kuwa yashi ya riƙe ta, sai da aka ɗauro mata shanun huɗar Kawu Zahradeen suka ja ta. Haka motar Turawa ta shiga garinmu, a bayan bijimai, yara na biye suna ihu, mai ita na zaune a gaban sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu. Ƙofar gida ba ta cin ta, don haka aka girke ta a gindin darbejiyar nan ta waje.

Zainu, ban taɓa ganin abin da ke cin kuɗi yana tafiya, ya kuma ci yana tsaye ba, sai wannan mota. In ta motsa, man da take sha daga Mawashi zuwa Kusada ya ishi babur ɗinsa na da yin sati. In ta tsaya, batir ya mutu, ɓeraye su shiga su ci wayoyi, gara ta kama kabad. Tayarta babu irinta a Kankiya, babu a Katsina, sai an aika Kano an jira. Makanikin da ya ɗauko ya buɗe inji ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai zai taɓa da sunan Allah, amma bai taɓa ganin irinsa ba, kuma kowane ƙarfe ya lalace sai an yi sautu daga Kwatano. Ga takardu da ba su cika ba, ko ina ya nufa a kan titi sai an tsayar da shi. Haya kuwa ko ta kwana ɗaya bai samu ba. Wa zai ɗauki 'yarsa ya sa a motar da aka haɗa murhu da masai wuri guda? Ribar da na ga ya ci ita ce abokan banza. Kullum da yamma suna cike da ita, ana dafa shayi da sukarin Safiyya, suna kiransa mai gida biyu, shi kuma yana washe baki. Ranar turi kuwa ba ka ganin ko ɗaya.

Ana cikin haka saƙonka ya iso da rani. Ka tura masa ne don shi ne namijin da ke gida, ban ga laifinka ba. Ka dai san yadda muke yi tun Baba na da rai: kafin ruwa ya sauka ana kwaɓa ƙasa, a hau soron Inna a yi yaɓe, a toshe duk inda ya tsage, a share indararo. Bana ma Kawu Zahradeen ya zo da mutanensa za su fara, har an jiƙa ƙasa, Badaru ya ce su bari. Ya ce yayansa ya aiko da kuɗin kwano, me za a yi da yaɓe a kan rufin da za a kwashe nan da ɗan lokaci? Magana ce mai kan gado, kowa ya yarda, aka watse ana sa maka albarka. Har kafinta ya kawo ya auna ɗakin, Inna na ta murna tana cewa bana ba za ta kwana da kwanoni a tsakar ɗaki ba. To daga awo ba a ƙara jin komai ba. Giyar mota ta lalace, ya ɗiba. Taya ta fashe, ya ɗiba. Duk lokacin da Kawu ya yi masa maganar kwano sai ya ce tsada ya yi, ana jira ya sauko. Daga baya da na ƙure shi, ya ce ai aro ya yi ba ci ba, lokacin bukukuwa ɗaya ya ishi motar ta biya, sannan ya sa wa Inna kwano mai launi wanda ya fi wanda ka yi niyya. Ko kunya bai ji ba da yake faɗa.

Sai kuma ya gano, da wannan basira tasa, cewa abin da ya hana a ɗauki motar haya ba komai ba ne illa tsatsa. Ya koma Kano wurin masu fentin mota. Suka ce sai an kankare ta duka, a yi waldar inda ya ɓule, a cike da poti, a goge, sannan a fesa fenti a bar shi ya bushe a sake fesawa, suka faɗi kuɗinsu. Ya dawo yana zaginsu wai ɓarayi ne. Daga nan ya zauna ya yi nasa lissafin: tunda abin nan ɗaki ne, ai mai fentin ɗaki ya kamata ya yi shi. Ya je Kusada ya ɗauko Babba, wanda ke yi wa amare fentin ɗaki, ya kwashe ragowar kuɗinka ya sayi bokitan fentin ruwa, irin wanda ake sirkawa a shafa wa bango. Babba kuwa aikinsa ya sani, shi ya yi. Ya sa buroshi ya bi ta kan tsatsa, ya bi ta kan busasshen taɓo, sama shuɗi, ƙasa ya ja mata ɗamara ruwan ƙasa kamar yadda ake yi wa ɗakin amarya, har da furanni a gefen taga. In ka tsaya kusa ba za ka ce ba bango ba ne. A ranar ne Badaru ya fito da kujerar Inna ya ajiye a jikin motar, ya ce ta yafa farin mayafinta ta zauna zai aika maka gaisuwa. Ya matso sosai yadda taga da ƙofa ba za su fito ba, ya ɗauka. Baiwar Allah har gyara zama ta yi don ka gan ta da kyau.

Abin haushi, fentin ya jawo masa ciniki. Wasu mutanen garin Ƙofa za su kai amarya Tafashiya, suka ga mota ta yi shar, suka ba da kafin alƙalami. Angon ɗan'uwan Malam ne, don haka ina gidan bikin, ba labari aka ba ni ba. Tun da rana hadari ke haɗuwa ta gabas, manya suka ce a jira ko a nemi wata motar, Badaru ya ce ai amfanin mota mai ɗaki ke nan, ruwa bai shafe ta ba. Mata suka cika ta maƙil, kowa da leshi da shadda. Suna tsakiyar hanya ruwan farko na gaske ya kece. Fenti ya narke ya riƙa gangarowa ta kan gilashi, abin share gilashin kuma dama ba ya aiki, rufin ya fara yoyo a kan amarya, can motar ta faɗa taɓo ta mutu. Dole mata suka fito, wasu na turi, wasu na jingina, duk wadda ta taɓa jikinta ta kwaso rabonta. Da idona na ga an kawo amarya a kan babur, mayafinta da hannayenta da ƙunshin da aka wuni ana yi mata duk sun koma shuɗi, ƙawayenta na biye a ƙasa kamar waɗanda suka faɗa marina. Da aka ce motar wa ce, aka ce ta ƙanen matar Malam. Na rasa inda zan sa fuskata. Har yau dangin amarya na zarya Mawashi kan maganar tufafinsu.

Wannan duk abin dariya ne in an gwada da abin da ke faruwa a gida a daidai wannan lokacin. Ruwan da ya wanke motar shi ya sauka a kan soron Inna, soron da ba a yi wa yaɓe ba, indararonsa a toshe. Ruwa ya kwanta a sama ya rasa hanya. Inna ta idar da la'asar tana zaune a kan darduma tana lazimi, ta ji azara na ƙara. Safiyya, Allah ya saka mata da alheri, ita ta shigo da gudu ta janyo ta waje, ko takalmi ba ta ɗauka ba. Suna fita kusurwar gabas ta rufto a kan gado, ta farfasa kwallayenta, ta danne adakar da take ajiyar kayan Baba. Babu abin da ya same ta, kada hankalinka ya tashi. Amma ka san a irin wannan lokacin ta saba miƙewa a gadon saboda gwiwa, ranar ce kawai lazimi ya riƙe ta. Duk sanda na tuna haka, wallahi sai in ji na tsani ganin yaron nan.

Washegari da sassafe na tafi. Na roƙe ta ta biyo ni Kankiya, Malam ma ya aika a roƙe ta, ta ce ba za ta zauna a gidan suruki ba alhali tana da 'ya'ya maza a duniya. Safiyya ta ce ta koma ɗakinta su su raɓa a zaure, Inna ta ce ita ba za ta kwana a gadon ɗanta da matarsa ba. Ka san Inna in ta kafe. To, shanun Kawu suka sake jawo motar daga inda ta mutu, fenti ya zube ya bar ta dabbare-dabbare, tsatsar ta dawo har ta fi da, aka mayar da ita gindin darbejiya. A ciki Inna take kwana yanzu, Zainu. Uwarmu, a ƙofar gida, a cikin wannan gwangwani. Sai an kama ta take hawa matakalar, sai an kama ta take sauka. In ana ruwa ta jera kwanoni a kan gado ta takure a gefe, in rana ta fito kuma ciki ya ɗau zafi ba ya zaunuwa. Ta sa an toshe ƙofar bayan gidan da tsumma, duk da haka ta ce ba za ta yi salla kusa da shi ba, sai ta lallaɓa zaure. Farin mayafin nan nata ma ya ɓaci da shuɗi, an wanke ya ƙi fita duka. Sannan Kawu ya gaya mini ya ji Badaru a majalisa yana cewa masu zagin motarsa su zo su gani, ba don ita ba da ina Inna za ta kwana. Wannan maganar ce ta sa na nemi biro.

Yanzu ga abin da ya sa nake gaggawa. Safiyya ta tsegunta mini cewa zai kira ka kwanan nan, ya ce saura silin da daɓen siminti, kaya kuma sun tashi, ka ƙaro wani abu. Ba silin zai saya ba. Ya gama nazarinsa ya gano cewa motar ba ta da laifi, shi ma ba shi da laifi, fentin ne kawai aka yi kuskure, in aka sa na mai shi ke nan. Don girman Allah kada ka tura masa ko sisi. In kana da hali, ka turo ta hannun Kawu Zahradeen ko ta hannun Malam, a sayi kwano da katako a nan Kankiya, ni da kaina zan bi motar da za ta kai su, in zauna a Mawashi har a buga ƙusa ta ƙarshe. Bangon bai faɗi ba, magini ya duba ya ce kusurwar kawai za a tayar. In kuma ba ka da shi yanzu, na san ba tsinto su kake yi ba, ka faɗa mini gaskiya ba tare da jin nauyi ba, mu san yadda za mu yi da azara da ƙasa kafin ruwan Agusta, don shi ba ya jiran kowa. Ka kuma kira shi ka yi masa magana da muryar da ya sani, ni ya daina jin tawa. 'Yan gwangwan sun zo sun taya motar a kan nauyin ƙarfenta, kuma a ganina sun yi mata mutunci. Sai dai ko sayar da ita ba mu isa yi ba a yanzu, tunda Inna na ciki.

Inna ta hana ni gaya maka. Ta ce kana can cikin baƙin mutane da naka nauyin, kada a tayar maka da hankali, kuma kada a shiga tsakaninka da ƙanenka, wai yaro ne, zai yi hankali. Yaron da furfura ta fara fito masa a gemu! Ni dai ban ɗaukar mata alkawari ba, ita ma ta lura ban ɗauka ba. In ka kira ta kada ka nuna mata fushi, ka bi ta a hankali, don ta fi jin ciwon abin fiye da yadda take nunawa.

Ka gaishe mini da Aishatu da kyau, ka ce na ga saƙon turarenta, na gode, Allah ya bar zumunci. Ka shafa mini kan Abdullatif da ƙanwarsa Hawwa'u, takwarar Inna. Malam yana gaishe ka, haka Kawu Zahradeen da iyalinsa. Safiyya ma ta ce a gaishe ka, kuma a roƙe ka kada sunanta ya fito. Rauda da Mubarak suna gaida kawunsu.

Da zan baro Mawashi, na kama Inna na hau da ita motar, na gyara mata kwanonin don hadari ya taso. Har na juya ta kira ni ta tambaya ko hoton nan ya yi maka kyau, ko ka ga ta rame. Na ce ka yaba ƙwarai. Ta ce to madalla. Idan ka gama karanta takardar nan, ka buɗe hoton ka duba can ƙasa ta hannun hagu, bayan ƙafar kujerarta. Wannan baƙin abin da ka ɗauka inuwa ce, taya ce.

Allah ya sada mu da alheri, ya ba mu ikon rufa wa tsohuwar nan asiri tun tana raye.

Taka har kullum,
Yayarka Karima.